Shafina da Ajin Auta

Zuwa ga Yayata abin alfaharina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan wasiƙa ta iske ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yaran gaba ɗaya. Yaya aikin asibiti, yaya tsayuwar nan taku da ba ta ƙarewa? Allah Ya ba ki ladan ɗawainiya da 'ya'yan mutane, Ya ƙara miki ƙarfin ƙafa. Mu nan lafiya lau muke, sai godiyar Allah. Innarmu ta samu sauƙin gwiwar, har ta koma zagaya tsakar gida tana nuna wa mutane inda tsintsiya ba ta kai ba, kin ga kuwa lafiya ta samu. Ta ce in gaya miki maganin shafawar da kika aiko ya yi mata amfani, sai dai warinsa yana korar mata baƙi. Baban yara yana shagonsa, aikin katako ya ɗan buɗe masa a kwanakin nan. Babban ɗanki, yayan Auta, ya fara sauya murya, in ya yi sallama daga ƙofa sai in zaci baƙo muka yi. Auta kuwa tana nan da surutunta na hannu. In ta fara ba ki labari dole ki ajiye abin da kike yi, domin kina kau da ido za ta kamo haɓarki ta juyo da fuskarki.

Na zaɓi in rubuto miki ne saboda maganar tana da tsawo, kuma duk sanda muka yi waya ko ke kin dawo aiki a gajiye, ko ni ina tsakiyar hidimar yara. Akwai labari, akwai kuma roƙo a ƙarshensa, don haka ki nemi wuri ki zauna.

Kin dai san tun bayan da likita ya tabbatar mana Auta ba ta ji, na buɗe shafi a intanet, irin wanda ake ce wa bulog, ina rubuta abin da muka koya. Na rubuta yadda muka fara zargin akwai matsala, da yadda ake gwajin kunne, da yadda ake tsabtace na'urar ji da sauya mata batir, da kalmomin farko da muka koya a maganar hannu, har da yadda za ki amsa wa maƙwabciyar da ta ce a kai yarinya wajen mai magani ya buɗe mata baki. Na yi ne don kada wata uwa ta sha wahalar da na sha, lokacin da nake yawo da tambayoyi babu mai ba ni amsa. Sai dai gaskiyar magana, Yaya, masu karantawa ba su wuce ke da ni da Malamar su Auta ba, sai wata ƙawata da nake zargin tana buɗewa ne kawai don ta ce ta gani. Na ci gaba da rubutu shekara da shekaru, amma a raina na fara sarewa. Har na taɓa ce wa Baban yara zan rufe abin in huta, ya ce ai bai ga abin da yake ci mini ba, in bar shi.

Ana nan sai shugabar makarantar su Auta ta tara mu, mu iyayen ajin kurame. Ajin nan kin gan shi a hoto, ɗan ɗakin da ke ƙarshen baranda, mai taga biyu, wanda aka jera kujerunsa zagaye don kowane yaro ya ga hannun kowa. Manyan ajin sun gama sun tafi, waɗansu iyayen sun ƙaura, aka bar Auta da 'yan mata biyu da suka girme ta sosai, su ma baɗi za su fita. Shugabar ba muguwa ba ce, ta yi mana magana da tausasawa. Ta ce ba za ta iya riƙe malama guda da ɗaki guda saboda yarinya ɗaya ba, in har zangon karatu mai zuwa ya kama ba a samu sababbin yara ba, za a rufe ajin, a mayar da Malama wani sashe. Makarantar kurame mafi kusa da mu ta kwana ce, kuma tafiyar yini ce. Yaya, yarinyar da har yanzu sai ta riƙe gefen zanena take barci! Na tashi na fito daga ofishin. Malama ta biyo ni har bakin ƙofa, ta ce mini yaran suna nan, wallahi suna nan a cikin gidaje, iyayen ne ba su san akwai ajin ba, waɗansu ma ba su san abin da ke damun 'ya'yan nasu ba.

Kwanaki kaɗan bayan haka na kai Auta asibiti a duba mata na'urar. Muna zaune a kan dogon bencin nan na jira, sai na lura wata mata da goyo tana ta kallon hannuwanmu. Daga baya ta matso ta gaishe ni, ta tambaye ni ko yarinyar ba ta ji ne. Ta ce nata jaririn ko an buga ƙofa da ƙarfi ba ya firgita, ta yi wata da watanni tana bincike a waya ba ta samu abin kirki da harshenmu ba. Ta ce abu ɗaya kawai ta taɓa samu, wani rubutu a kan batirin na'urar ji, ta karanta har ƙasa, amma ita ba batir take nema ba, sai ta fita. Na ce ta nuna mini. Yaya, rubutuna ne. Matar nan ta shigo har cikin shafina, amsar tambayarta tana nan a wani rubutun da na yi tun farko-farko, amma babu abin da ya nuna mata hanya. Na buɗe mata shi a wayarta a take, ta karanta tana share hawaye da gefen mayafi. Ni kuwa ina ta tunanin mutum nawa ne suka zo haka suka juya.

Da na koma gida na kira gwaggon yara, ƙanwar Babansu, wadda ke kula da shafin intanet na wani kantin littattafai. Ta zo ranar da ba ta aiki, muka baje kwamfuta a kan teburin cin abinci. Ta ɗan yi dube-dube, sai ta kwashe da dariya, ta ce matar yaya, kin gina ɗakuna masu kyau amma kin manta ba ki yi musu ƙofa ba. Na ce ta yi mini bayani da harshen mutane. Ta ce injin binciken da mutane ke rubuta tambaya a ciki yana da wata manhaja mai yawo shafi-shafi tana karantawa, kuma ba ta san hanya ba sai ta bin mahaɗi, wato 'yan kalmomin nan masu launin shuɗi da in ka danna suke kai ka wani rubutun, waɗanda yara ke ce wa linki. In rubutu bai da mahaɗin da ke nuna shi daga ko'ina, da wuya manhajar ta kai gare shi, in ma ta kai sai ta ɗauka ba shi da muhimmanci, tunda mai shi ma bai damu ya nuna shi ba. In kuwa rubuce-rubuce da yawa suna nuna guda ɗaya, sai ta gane wannan ne babba, ta fi saurin nuna shi ga masu tambaya. Ta ce nawa kowanne yana tsaye shi kaɗai, sabo ya danne tsoho, tsofaffin sun nutse can ƙasa inda sai mai haƙurin gaske zai tono su. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne da ta ce ba sai na roƙi kowa ba, ba sai na sayi komai ba, aikin duk a cikin shafina yake, in haɗa nawa da nawa.

Ta nuna mini yadda ake yi sau biyu, ta tafi ta bar ni. Ni kuma kin san halina in na samu sabon abu. Cikin mako guda na mayar da shafin nan shuɗi shar, kusan kowane layi da mahaɗi, kuma duk na rubuta musu "danna nan". Ban tsaya nan ba, na ga adireshin waɗansu tsofaffin rubutun bai yi mini kyau ba, na sauya su. Da gwaggonsu ta dawo ta duba sai ta dafe kai. Ta ce rabin mahaɗan sun mutu, domin suna nuna adireshin da na goge, duk wanda ya danna sai ya tarar da fili. Sauran kuma ta ce sun yi yawa har mutum ba zai san wanne zai bi ba. Game da "danna nan" ta ce in yi tunanin allon kan hanya da aka rubuta wa "bi nan" kawai, ba a faɗi inda za shi ba. Ta ce kalmomin mahaɗin su faɗi abin da ke can, kamar "alamomin rashin ji a jariri" ko "yadda ake gwajin kunne", saboda mutum da manhajar duka su san abin da za su tarar. Na ji kunya, amma ta yi ta tsokanata har na yi dariya. Ta ce ba komai, ko yayanta sai da ya lalata katako da yawa kafin ya zama kafinta.

Sai na sake lale, wannan karon a hankali. Kullum in yara sun tafi makaranta na gama aikin gida, sai in ɗauki rubutu ɗaya in karanta shi kamar ni ce matar nan ta asibiti. In na zo ƙarshe in tambayi kaina, yanzu me zuciyarta za ta so ta sani? Wadda ta karanta alamomi, gwaji za ta nema. Wadda ta karanta gwaji, za ta so ta ji yadda ake ɗaukar labarin in ya zo ba daɗi. Daga nan sai na'ura, sai maganar hannu, sai makaranta. A nan na gane abin da gwaggonsu ba za ta iya yi mini ba, domin ita ta san kwamfuta, ni kuma na bi hanyar da ƙafata. Na kuma yi sabon rubutu guda na sa masa suna "Idan kina zargin ɗanki ba ya ji, fara daga nan", na jera matakan a ciki da gajeren bayani, kowanne da mahaɗinsa, na sa shi a saman shafin. Malama ta taimaka mini muka yi wani a kan ajin su Auta, da hoton kujerun da lambar ofishin makaranta, na tabbatar duk rubutun da ya taɓo maganar karatu yana kai mutum can. Yanzu in na yi sabon rubutu ba na tashi sai na koma tsofaffi biyu ko uku da suka dace na sa musu hanyar zuwa gare shi.

Akwai rubutu ɗaya da ya tsaya mini a wuya. Ban taɓa gaya miki ba, domin ba nawa ba ne. Bara Baban yara ya zauna ya faɗa mini abin da ya ji a lokacin da aka gano matsalar Auta, ni ina bugawa. Ya faɗi yadda ya yi watanni yana musu da likita a ransa, yadda yake zagayawa bayanta yana tafa hannu ko za ta juyo, yadda ya ƙi koyon maganar hannu da farko saboda yana ganin in ya koya ya yarda ke nan. Ya faɗi ranar da ta jawo rigarsa tana ta yi masa alama, shi bai gane ba, ta gaji ta sake shi ta tafi wajen yayanta. Da muka gama ya ce in ajiye a shafin amma kada in nuna shi a ko'ina. Haka na yi. Da gwaggonsu take bincika mini rubutun da babu mahaɗin da ke kaiwa gare su, sai ga shi ya fito. Ta ce irin wannan maraya suke ce masa a wajen aikinsu. Ta karanta layin farko, ta gane muryar yayanta, sai ta rufe.

Na sami Baban yara da maganar sa wa rubutun mahaɗi, ya ce a'a. Ya ce shi mutum ne da ake shigowa shagonsa, ba ya son wani ya zo sayen kujera yana kallonsa da tausayi. Ban matsa ba. Amma a lokacin saƙonni sun fara shigowa jefi-jefi, kuma kusan duk matar da ta rubuto ƙarshen maganarta ɗaya ne, wai maigidan ya ce babu abin da ke damun yaron, jinkirin baki ne irin na danginsu. Nakan karanta masa su in yana shan shayi, ba na ƙara komai. Rannan Malama ta roƙe shi ya je ya gyara musu ƙofar aji da ta sauka tana jan ƙasa. Ya ɗauki guduma da zarto ya tafi. Ya gaya mini daga baya cewa yana durƙushe yana aikin, ya ga 'yan matan nan biyu sun haɗa kai suna hirarsu ta manya, Auta kuwa tana can gefe ta zaunar da 'yar tsanarta a kan kujerar da babu kowa, tana koya mata sunayen launuka da hannu, in ta yi alamar sai ta jira, sai ta kama hannun 'yar tsanar ta yi mata. Ya dawo gida da garin katako a gashinsa, ko wanka bai yi ba ya ce in buɗe kwamfutar. Na tambaye shi me za a rubuta a mahaɗin. Ya yi tunani, ya ce in sa "ni ma uba ne, na yi musu". Na ce gwaggonsu ta ce kalmomin su faɗi abin da ke ciki. Ya ce ai sun faɗa. Sai na ƙara masa 'yan kalmomi a gaba, na sa shi a rubutun alamomi, da na gwaji, da na "fara daga nan".

Kada ki zaci washegari duniya ta cika shafin. Makonni suka yi ta wucewa, ina duba wayata kamar mai jiran sakamakon jarrabawa. Gwaggonsu ta ce in daina, abin yana ɗaukar lokaci kafin manhajar ta sake zagayowa ta fahimci sabon tsarin. A hankali dai na fara ganin sauyi. Da can mutum rubutu ɗaya yake karantawa ya fita, yanzu sai in ga an bi uku ko huɗu a jere. Sannan wata rana na rubuta tambayar da kaina a injin binciken, yadda uwa za ta rubuta ta, sai ga shafina a cikin na farko-farko. Na yi ihu har Inna ta fito da sandarta tana tambaya ko maciji ne.

Wanda nake son ba ki labarinsa wani direban babbar mota ne. Wata safiya ya shigo shagon Baban yara, ƙato, mai kaurin murya, ya ce tebur yake so. Aka tambaye shi wane iri, ya ce kowane iri. Na cin abinci ko na karatu? Ya ce duk wanda ya samu. Ya yi ta zagaya shagon yana shafa katako, sai da yaran aiki suka fita ɗauko kaya sannan ya rage murya ya tambaya ko shi ne mai rubutun nan. Ashe yana wajen jiran lodi ne ya rubuta a waya cewa ɗansa ba ya juyowa in an kira shi. Ya faɗa kan rubutun alamomi, yana cikin karantawa yana cewa a ransa maganar mata ce, sai ya ga layin Baban yara, ya danna. Daga nan ya bi zuwa na makaranta, ya kira ofishin, Malama ta nemi izininmu ta kwatanta masa shagon. Ya ce ɗansa ya kai shekara shida, matarsa ta yi magana har ta gaji, shi kuwa duk wanda ya ce yaron kurma ne sai sun yi faɗa. Ya ce tafa hannun nan a bayan yaro, shi ma ya yi, ya yi har ba adadi. Baban yara ya jawo masa benci, ya aika aka kawo shayi, suka zauna har rana ta take. Bai sayi teburin ba, har yau muna tsokanar Baban yara da cinikin da ya kufce masa.

An yi wa yaron gwaji, an tabbatar. Uban da kansa ya riƙo hannunsa ya kawo shi ajin. Bayansa wata mata ta kawo tagwayenta, ɗaya ce ba ta ji, amma ta ce ba za su rabu ba, shugabar ta yarda a gwada. Akwai kuma waɗansu iyayen da suka zo suka duba suka ce za su yi shawara. Ba a cika kujerun ba, Yaya, ba zan yi miki ƙari ba. Amma shugabar ta kira mu ta ce ta ga motsi, za ta bar ajin ya ƙara shekara, in aka ci gaba a haka maganar rufewa ta wuce. Malama ta rungume ni a baranda a gaban kowa. Yanzu ranar Asabar da hantsi iyaye maza suna haɗuwa a shagon Baban yara, Malama tana koya musu maganar hannu a tsakanin katakai. Ki zo ki ga direban nan da yatsunsa kamar taɓarya yana ƙoƙarin yin alamar tsuntsu.

To ga roƙon. Rubutun alamomin rashin ji a jariri shi ne yanzu kusan kowa ke fara sauka a kai, kuma hanyoyi da yawa a shafin can suke kaiwa. Wannan ya sa nake jin tsoro. Ni uwa ce, ba ma'aikaciyar jinya ba, abin da na gani a jikin 'yata da abin da likita ya faɗa mini na rubuta. In akwai kuskure a ciki, da can mutum uku zai ɓatar, yanzu kuwa Allah kaɗai Ya san adadi. Ke kin yi shekaru a ɗakin yara, kin ga irin wannan da yawa. Don Allah ki karanta shi da na gwaji da idon aiki, ba da idon 'yar'uwa ba, ki gyara duk abin da ya karkace, kada ki ji nauyina. In kuma kin samu sarari, ki rubuta mini ɗan bayani a kan zazzaɓi da ciwon kunnen da ke iya taɓa jin yaro, da lokacin da ya kamata uwa ta daina jira ta tafi asibiti. Ana yawan tambayata, ni kuma ba na son in faɗi abin da ban sani ba. Ki rubuta yadda kike yi wa iyaye bayani a bakin gado, ba da manyan kalmomin likitoci ba. Na riga na san wuraren da zan sa masa hanya.

Bari in rufe da abin da ya faru shekaranjiya. Malama ta aiko a kira ni makaranta, wai Auta ta yi laifi. Ba a taɓa kirana a kan haka ba. Na je na tarar da ita da ɗan direban an tsayar da su a gaban aji, kowa ya kumbura fuska. Wai a kan jan fensirin launi ne. Ta ce masa ɓarawo, shi kuma da bai fi 'yan makonni da fara koyo ba ya tattaro 'yan kalmomin da ya sani ya ce mata kan akuya. Ita kuwa ta sauke masa duk abin da ke hannunta, har da waɗanda Malama ta rantse ba ita ta koya mata ba. Ina tsaye suka sake kaurewa, hannuwa na tashi sama, kowa na son in ga nasa gefen. Na ɗaure fuska iya ƙarfina, na sa ta ba shi haƙuri, na ce in ta ƙara za ta gamu da ni. Da na fito sai na zagaya bayan ajin na jingina da bango, ina dariya hawaye na zuba. Yaya, shekararta bakwai a duniya, ba ta taɓa samun sa'anta da za ta yi faɗa da shi ya gane zaginta ya rama ba sai ranar. Da yamma ta dawo tana gaya mini ba za ta ƙara yi masa magana ba har abada. Jiya da safe na ga ta sa lemo biyu a jaka.

Ki gaishe mini da maigidanki da kyau, ki ce muna godiya da hidimar da yake yi da ku. Ki gaida babbar 'yata, ki ce ina jiran labarin jarrabawarta, da ɗan autanki mai ƙiriniya, a ja mini kunnensa kaɗan. Inna tana sa muku albarka, ta ce ki rage tsayuwa ki riƙa cin abinci a zaune. Baban yara da gwaggonsu suna gaisuwa, haka ma Malama, wadda ba ta san ki ba amma ta ji labarinki har ta haddace. Babban ɗanki ya ce a gaishe ki da sabuwar muryarsa. Allah Ya tsare mana ku a inda kuke, Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Taki har kullum,
Ƙanwarki, Maman Auta